Amsoshin Wasiƙunku: Wane ne Dokta Bala Usman?

Wasiƙarmu ta farko daga wani ɗalibi ce a Funtuwa. Ya ce: "Malam, na sha jin manya na cewa da Bala Usman na raye da ya yi magana. Wane ne shi? Shi ne aka kashe a Kano?"

To ɗan'uwa, mutane da yawa na haɗa su, amma mutum biyu ne. Wanda aka kashe a tarzomar Kano ta watan Yulin 1981 Dokta Bala Muhammad ne, mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara kan siyasa. Shi kuwa Dokta Yusufu Bala Usman a Zariya ya rasu, ranar 24 ga Satumba, 2005. Allah Ya jiƙansu da rahama.

An haifi Bala Usman a Musawa a 1945, jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne. Da ya ga dama da ya zauna cikin inuwar sarauta, amma ya zaɓi alli da allo, ya koyar a Kwalejin Barewa, sannan ya ƙare rayuwarsa a sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. A 1975 Janar Murtala ya sa shi cikin kwamitin tsara kundin mulki. Da aka kammala aiki, shi da Dokta Segun Osoba suka ƙi bin sahun sauran, suka rubuta nasu rahoton daban, domin a ganinsu daftarin ya tsare masu hannu da shuni ya bar talaka a rana. Gwamnati ta yi watsi da rahoton. Daga baya ya zama sakataren gwamnatin Kaduna zamanin Balarabe Musa na PRP.

Abin da ya sa har yau ake kewarsa, a ganina, shi ne littafinsa na 1987, The Manipulation of Religion in Nigeria. Ya nuna yadda manya ke fakewa da addini su haɗa talakawa faɗa, alhali su kansu a teburi ɗaya suke cin abinci. Ya faɗi wannan tun 1977, lokacin da ake ta da jijiyar wuya kan batun Shari'a, shekara goma kafin rikicin Kafanchan. Ya sha zagi a kai, daga Musulmi da Kirista, bai janye ba.

Sai wata malamar makaranta daga Maraɗi, tana tambaya ko marigayin ya taɓo tarihinsu. Malama, ai ba a ba da tarihin Katsina a tsallake Maraɗi, tunda can sarakunan Haɓe suka kafa sabon gari bayan jihadi ya kore su daga birni, kuma har gobe Sarkin Katsina ake kiran mai sarautarku. Littafin Bala Usman kan sauyin da Katsina ta gani daga 1400 zuwa 1883 ya ƙi yarda cewa jihadi yaƙin Fulani da Hausawa ne kawai. Ya bi diddigin malamai, fatake da manoma, ya ga akwai kowace ƙabila a kowane ɓangare. Ki neme shi ki karanta wa ɗalibanki, musamman yanzu da ake neman raba Bahaushe da Bafulatani a kafafen sada zumunta.