Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

 Dalilin wannan ɗan rubutu shi ne wani abu da ya same ni a zangon karatu da ya wuce. Daren da za mu yi jarrabawar ilmin halittu ban runtsa ba. Na ci goro, na sha shayi mai kauri, na tsoma ƙafafuna cikin bokitin ruwan sanyi, ina ta bitar littafi da tocila a ƙarƙashin bargo har aka kira sallar asuba. Da aka raba takardun tambayoyi, sai kaina ya zama kamar an share allo. Na sami maki 38 cikin ɗari. Kunyar nuna wa mahaifina sakamakon ita ta sa na shiga binciken yadda mutum yake riƙe karatu da yadda yake mantawa.

Mutumin da ya fara auna mantuwa wani Bajamushe ne mai suna Hermann Ebbinghaus, wanda ya buga sakamakon aikinsa a 1885. Ya ƙirƙiri gajerun gaɓoɓi marasa ma'ana, ya riƙa haddace su, sa'an nan ya gwada kansa bayan wani lokaci. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a farko. Bayan awa ɗaya fiye da rabin wahalarsa ya tafi a banza, bayan kwana ɗaya kuwa kusan kashi biyu cikin uku. Daga nan sai mantuwar ta rage gudu. Ya kuma lura cewa bita sau 38 da ya rarraba cikin kwana uku ta yi masa amfanin bita sau 68 da ya yi a zama ɗaya. Watau rarraba karatu ya fi tara shi.

To, ina ruwan barci a ciki? A wani bincike da aka buga a 1924, masu bincike biyu na Jami'ar Cornell a Amurka, Jenkins da Dallenbach, sun ba ɗalibai biyu gaɓoɓi goma goma su haddace. Wani lokaci su kwanta bayan haddar, wani lokaci su ci gaba da harkokinsu na rana. Bayan awa takwas, in sun yi barci sukan tuna kamar rabi, in kuwa ba su yi ba, da ƙyar su tuna ɗaya. Masana na yanzu sun yi bayanin dalili. Akwai wani ɗan sashe can cikin ƙwaƙwalwa, ana ce da shi hipokampas, wanda yake karɓar sabon abin da aka koya. Lokacin barci mai nauyi yakan maimaita abin, har ya zauna daram a sauran sassan ƙwaƙwalwa. Ashe wanda ya hana kansa barci kamar manomi ne da ya yi girbi ya bar damman a gona, bai kai rumbu ba. Likitocin barci sun ce masu shekara 13 zuwa 18 suna bukatar awa takwas zuwa goma kowane dare.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne mun daɗe da wannan dabara a gida. Lokacin hutu na zauna ina kallon makarantar allo da ke kusa da gidanmu a Unguwar Shanu, nan Kaduna. Almajiri ba ya ɗaukar izu guda rana ɗaya. 'Yan ayoyi kaɗan yake rubutawa a allo, ya karanta da asuba, ya maimaita da yamma da dare, ya kwana a kansu. Ba zai wanke allon ba sai ya biya wa malam da ka. Bayan haka kuma yana komawa tilawar abin da ya wuce don kada ya gudu. Da haka ake haddace izu sittin. Duba ka gani: ɗauka kaɗan kaɗan, rarraba bita, barci a tsakani, da gwada kai ba tare da duba rubutu ba. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Saboda haka ga abin da nake yi yanzu. Darasin da aka koyar da safe nakan bita shi a lokacin karatun dare na ranar. In sake dubawa bayan kwana biyu, sa'an nan ranar Asabar. In na karanta shafi sai in rufe littafi in faɗi abin da na tuna, ko ni da abokina mu yi wa juna tambayoyi. Da an kashe fitila kuwa, na kwanta ke nan.

Iyayenmu kuma muna roƙonku, in kun zo ranar ziyara, ku tambaye mu awa nawa muke barci kamar yadda kuke tambayar maki. Mu kuma 'yan uwa, jarrabawar WAEC tana tafe, ba ta jiran kowa. Mu fara shiri tun yau. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.