Abin Tace Ruwa Shi Ma Yana Tsufa

Ya kai manomin auduga, in ka shigo Wagadugu bayan ciniki ka sauka wurin 'yan'uwa a Zogona, za ka ga ruwan famfo garau. To, ka sani ba haka ya fito daga kogi ba. Yawancinsa daga madatsar Ziga ya ke, a kan kogin Nakambe, wajen kilomita 50 daga birni. A 2004 ruwan Ziga ya fara isowa. Kafin nan madatsar Lumbila da madatsu uku na cikin gari su ne abin dogara, a tace ruwansu a Paspanga. Hukumar ONEA ita ke kula da wannan aiki.

Ga yadda a ke yi. Da fari a zuba alam, wanda wasu ke kira alif, laka ta dunƙule ta kwanta. Sa'an nan ruwan ya ratsa ta cikin yashi mai zurfi, yashin ya kama sauran dauɗa. Daga ƙarshe a sa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. In yashin ya toshe sai a turo ruwa daga ƙasa zuwa sama a wanke shi. Amma wanki ba ya hana tsufa. Yau da gobe laka ta kan daskare a ciki, wani yashin ya bi ruwan wanki, har wuri ya tsage, ruwa ya sami hanya ya wuce ba tacewa. A nan lalle a kwashe a zuba sabo. A waɗansu birane da siraran bututu masu ƙananan ƙofofi a ke tacewa, su ma bayan 'yan shekaru a kan canja su.

Kai da ke ƙauye, tabki ko rijiya ce madatsarka, ƙyalle kuwa shi ne yashinka. Kada ka raina shi. Kurkunu, wanda ya kan kwantar da magidanci daidai lokacin noma, ta cikin waɗansu ƙananan ƙwari na ruwan tabki ya ke shiga ciki. Ƙyalle yana tare su. Tace ruwa na cikin abubuwan da su ka kore shi, har a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida babu shi a Burkina Faso. A Bangaladash kuma an gwada tacewa da zanen mata, a 2003 aka bayyana cewa kwalara ta ragu kusan rabi a ƙauyukan da su ka yi.

Nemi ƙyallen auduga wanda ya sha wanki. Abin mamaki, ya fi sabo dal, domin zarensa ya yi laushi ya cike ƙofofin saƙa. Ninka shi huɗu ko fiye, ka ɗaure a bakin randa. Ko wane lokaci an gama, a ɗauraye shi da ruwan da aka riga aka tace, a shanya a rana. Kada a kife gefen da ya kama dauɗa ya koma cikin randa. Wannan kuskure ya yi yawa a gidaje. Ran kasuwa ran kasuwa ka buɗe shi ka ɗaga wajen rana. In ka ga huda, ko da ta ƙaya ce, ko wurin da ya sale, ya gama aiki. Kada uwargida ta ce za ta ɗinke, allura ma huda ta ke bari. A sake wani.

Ƙyalle ba ya kama dukan ƙwayoyin cuta, saboda haka ruwan jariri da na majiyyaci a tafasa shi bayan tacewa. Maganin feshin auduga kuwa, ƙyalle ba ya tare shi, tafasawa ma ba abin dogara ba ce. Kada ka wanke injin feshi a bakin tabki ko kusa da rijiya. Galan ɗin magani in ya ƙare, huda shi don kada yaro ya ɗauka ya je ɗibar ruwa da shi.