Amsoshin Tambayoyinku: Idan 'Yan Takara Suka Yi Kunnen Doki

Malama Hadiza daga Funtuwa ta aiko mana da tambaya: shin an taɓa yin zaɓen da 'yan takara biyu suka yi kunnen doki, kuma yaya ake raba gardama?

To Malama Hadiza, mun gode. An taɓa yi. A shekarar 2021 an yi zaɓen majalisar dokokin yankin Yukon da ke arewacin Kanada, majalisar da a lokacin take da kujeru 19. A mazaɓar ƙauyen Old Crow, wanda ba shi da hanyar mota sai jirgin sama, Pauline Frost, ministar lafiya ta lokacin, da Annie Blake kowacce ta samu ƙuri'a 78. Alƙali ya sake ƙirgawa, aka sake samun kunnen doki. Sai aka bi dokar yankin, aka yi canki-canka, sunan Annie Blake ya fito, ta zama 'yar majalisa.

Wannan kujera ta yi tasiri sosai, domin manyan jam'iyyu biyu na yankin su ma kujeru takwas-takwas suka samu. Da ƙarin mutum ɗaya ya fito zaɓe, da labarin ya sauya. Malama Hadiza, ranar zaɓe kada ki zauna a gida.