Wasiƙa Ga Ƙannena Kan Littattafan Binciken Kisa

Ƙannena,

Kada ku yi mamakin jin babba yana kwaɗaita muku karanta labarin kisan kai. Akwai wani nau'in ƙagaggun labarai da marubutan Ingila suka yi fice a kansa, inda ake kisa amma ba a baje jini a shafi, ba harbe-harbe, ba batsa. Gawa ɗaya ce a ƙaramin ƙauyen da kowa ya san kowa, kuma cikin masu zuwa gaisuwa akwai mai ɓoye gaskiya.

Gwanar fannin ita ce Agatha Christie, wadda ta rasu a 1976 bayan ta rubuta irin waɗannan littattafai 66. Ta yi aikin haɗa magunguna a asibiti lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa guba ta yi yawa a labaranta.

Cikin taurarinta na fi ƙaunar Miss Marple, tsohuwar ƙauyen St Mary Mead da ba ta rabuwa da saƙa. 'Yan sanda kan raina ta, ita kuwa kunnenta na kan kowace magana. A littafin The Murder at the Vicarage na 1930, an tsinci gawa a ɗakin karatun limamin coci, ga agogo a kife ya tsaya. Sufeto ya ce ai an samu lokacin kisa, ya ƙi sauraron limamin da ke son shaida masa cewa da gangan ake ajiye agogon nan gaba da kwata. Garaje ke nan, kuma da hujja a hannu!

Abin da ya sa na damu ku karanta su ke nan. Sau nawa aka yi ihun ɓarawo a unguwa, ko aka yaɗa hoton wani a WhatsApp, jama'a suka yanke masa hukunci kafin a tambaye shi? A littattafan nan, wanda kowa ya fara nunawa da yatsa ba kasafai yake zama mai laifin ba, kuma marubuciyar ba ta ɓoye muku alama ko ɗaya.

In kun kai babin ƙarshe ku dakata. Ku rubuta sunan wanda kuke zargi tare da dalilinku, sannan ku buɗe. Turancinta ba mai tsauri ba ne, ɗan sakandare ma zai bi shi da ƙamus a gefe.

Naku,
Yayanku