Filin Shawarwari: Yawon Teku a Tsakiyar Damina

Wasiƙar

Wasiƙar da filin nan ya zaɓa a wannan karo ta fito ne daga wata baiwar Allah mazauniyar Maijirgi, garin da ke kan babbar hanyar kwalta gabas da Tasawa cikin jihar Maraɗi, wadda ta roƙi a sakaya sunanta da na maigidanta. Ta bayyana cewa maigidan malamin makarantar boko ne, kuma ya daɗe da burin ya kai ta ta ga teku, abin da ita kanta take marmari, kasancewar iyakar ruwan da ta sani shi ne tabkunan da damina ke cikawa a kewayen Tasawa. A bana wani ƙanen maigidan da ke zaune a unguwar Zango ta Kwatano ya shaida masa cewa yana da aboki masunci mai babban kwale-kwale da ke tafiya da inji da kuma ƙyallen iska, wanda ya yarda ya ɗauke su cikin watan Agusta, lokacin babban hutun makaranta, su bi gaɓar teku daga Kwatano zuwa Grand-Popo har Lome, suna yada zango a ƙauyukan masunta.

Damuwarta kashi uku ce. Daga ita har maigidan babu wanda ya iya iyo. Surukarta ta ce ba da yawunta ba za a bar gona a tsakiyar marka a tafi yawon buɗe ido. Sannan maigidan ya nemi ta sayar da awakinta don a cika guzuri. Duk sa'ad da ta nuna tsoro sai ya ce mata ajali ba ya wuce lokacinsa, ita kuwa ba ta son ta karya masa gwiwa a kan alherin da ya nufe ta da shi, don haka take neman a gaya mata ko tsoronta yana da tushe, ko kuwa rashin sabo ne kawai na mutumin tudu.

Amsa

Tsoron baiwar Allah yana da tushe mai ƙarfi, kuma ya kamata maigidanta ya saurare ta da kunnen basira, domin tafiyar kamar yadda aka tsara ta ta haɗa wata mafi muni da jirgi mafi rashin dacewa a kan gaɓar da ko masuntan da aka haifa a kanta suna shakkarta. Burin maigidan kuwa abin yabo ne, don ba kowane magidanci ne ke tunanin ya fitar da iyalinsa su ga ƙasar Allah ba, saboda haka abin da ake bukata shi ne a sauya lokaci da irin ruwan da za a shiga.

Al'adar yawon shaƙatawa a jirgin ruwa mai tafiya da iska cikin watannin Yuli da Agusta ta samo asali ne daga Turai, inda waɗannan watanni su ne na ɗumi da kwanciyar teku, kuma daga can ne makarantun Nijar suka gaji tsarin babban hutu. A Mashigin Tekun Gini, wato ɓangaren Tekun Atlantika da ya taɓa Najeriya da Benin da Togo da Gana, al'amarin akasin haka ne. Iskar kudu maso yamma da ke kawo hadari Maijirgi ita ce ke kaɗawa da ƙarfi a kan wannan teku a daidai wannan lokaci, sannan guguwar hunturu da ake yi can kudancin Atlantika tana turo manyan raƙuman ruwa waɗanda ke tafiyar dubban kilomitoci kafin su fashe a bakin yashi. Cikin Agusta ruwan sama yakan ɗan tsagaita a Kwatano da Lome, abin da kan yaudari baƙo ya ɗauka lokaci ya yi kyau, alhali kuwa a sa'an nan ne ruwa mai sanyi ke tasowa daga ƙarƙashin teku zuwa sama, kifi ya yawaita, masunta su shiga ganiyar aikinsu, teku kuma ta ƙara fushi. Teku takan lafa ne daga Disamba zuwa wajejen Maris, lokacin da iskar hunturu ke busowa daga arewa.

Siffar gaɓar kanta ita ce babbar matsala. Daga Kwatano zuwa Lome yashi ne miƙaƙƙe wanda babu wani lungu ko tsibiri da jirgi zai fake a bayansa idan iska ta taso, kuma wannan ne ya tilasta wa Turawan mulkin mallaka gina dogayen gadojin ƙarfe da ke kutsawa cikin teku don sauke kaya, kafin a buɗe tashar jiragen ruwa ta Kwatano a 1965 da ta Lome a 1968. Duk kwale-kwalen da zai tashi daga ƙauye ko ya sauka a cikinsa sai ya ratsa shingen raƙuman ruwa, wato layin da igiyoyi ke karyewa kusa da gaɓa. Wanda ya tsaya ya kalli masunta da asuba zai ga yadda suke riƙe jirgin a ruwa iya ƙugu, babbansu yana tsaye yana lissafin igiyoyin da ke zuwa, har sai ya hangi ɗan sarari tsakanin manyan, sa'an nan ya daka tsawa, a tura gaba ɗaya, kowa ya ɗare, a tayar da inji kafin ta gaba ta iso. A wajen sauka kuwa, idan igiya ta bugi bayan jirgin ta juya shi ya ba ta gefe, kifewa ce nan take. Masunta suna tsira daga irin wannan don sun iya iyo tun suna yara, kuma sun san yadda za su kauce wa katakon da ke faɗowa; macen da ke ɗaure da zani da hijabi, waɗanda ke yin nauyi su nannaɗe ƙafafu da zarar sun jiƙe, ba ta da wannan dama, kuma tsarin da aka yi na kwana a ƙauyuka yana nufin za a maimaita wannan kasada safe da yamma.

Akwai kuma batun doka, wanda ƙanen maigidan bai yi la'akari da shi ba. Kwale-kwalen kamun kifi ba jirgin fasinja ba ne, kuma wanda ya shiga ruwan Togo ta teku bai bi ta ofishin iyaka na Hillacondji ba, don haka ba shi da shaidar shiga idan sojojin ruwa masu sintiri suka tare shi. Sintirin kuwa ya tsananta saboda fashin teku: a shekarar 2020, daga cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka yi garkuwa da su a duniya, 130 a wannan mashigi aka kama su. Fashin ya ragu sosai daga baya, kuma manyan jiragen kaya yake nufa, amma zargin da ya haifar yana nan a kan duk ƙaramin jirgin da ke ɗauke da baƙi marasa takardu.

Maganar maigidan cewa ajali ba ya wuce lokacinsa gaskiya ce da babu Musulmin da zai musa, sai dai malamai sun haɗu a kan cewa kiyaye rai wajibi ne, kuma tawakkali yana zuwa ne bayan an yi abin da hankali ya hukunta. Haɗurran ruwa da suka girgiza Afirka ta Yamma sun nuna cewa sakaci ne ke gaba a cikinsu. Jirgin Joola na Senegal, wanda ya kife a gaɓar Gambiya cikin daren 26 ga Satumban 2002 da mutane fiye da 1,800 suka rasu, ya ɗauki ninkin abin da aka ƙera shi ya ɗauka har sau uku da ɗoriya, kuma a Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a Kogin Kwara kusa da Patigi suna dawowa daga biki cikin dare. Lodi fiye da ƙima, tafiyar dare da rashin rigar ceto su ne abubuwa uku da ke maimaituwa, kuma dukkansu mutum ne ke zaɓarsu.

Abin da filin nan ke gani ya fi dacewa shi ne a ɗage tafiyar zuwa hutun ƙarshen Disamba, bayan an kai gero rumbu, a kuma mayar da ita kan ruwan da ke bayan gaɓa. Arewa da Kwatano akwai Tabkin Nokoué, ruwa mai faɗi marar zurfi sosai, wanda daga Abomey-Calavi ake shiga jirgi a kansa zuwa Ganvié, garin da al'ummar Tofinu suka gina a kan turakun itace tsakiyar ruwa don tsere wa mayaƙan Dahomey masu kamun bayi. A kan wannan tabki ana ganin kwale-kwale masu ƙyallen iska suna kai da kawo, mata suna cin kasuwa daga jirgi zuwa jirgi, don haka sha'awar maigidan ta tafiya da iska za ta biya ba tare da an tunkari shingen raƙuman ruwa ba. A Grand-Popo, wadda ake zuwa da mota ta hanyar Ouidah, ana bin Kogin Mono cikin jirgi har Bouche du Roy inda kogin ke haɗuwa da teku, yankin da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren da ake kare halittunsu a 2017. A can baiwar Allah za ta ga teku ido da ido tana tsaye a kan yashi, da sharaɗin kada ta shiga ruwan ya wuce idon sawu, domin gaɓar tana da igiya mai ja, wato ruwan da ke komawa teku da ƙarfi ta wata siririyar hanya yana tafiya da duk wanda ya samu.

Hanyar zuwa ma tana bukatar shiri, don tafiyar kusan kilomita 1,500 ce ta Maraɗi da Ƙwanni da Dogon Dutsi da Dosso da Gaya zuwa Kwatano. An rufe gadar Gaya da Malanville bayan sauyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, matafiya suka koma tsallake Kogin Isa, wato Kogin Kwara, da kwale-kwale, saboda haka wajibi ne a tambayi halin da iyakar ke ciki a tashar mota kafin a ɗaura kaya, a kuma riƙe katin shaida da katin rigakafin shawara. Idan tsallakewa ta ruwa ce, to a yi ta da rana tsaka, a ƙi shiga jirgin da aka loda wa babura da buhuna har gefensa ya kusa shan ruwa. Rigar ceto kuwa saye za a yi tun kafin a isa kogi, kowa da tasa: a sa ta, a ɗaure maɗauranta duka, wani ya kama kafaɗunta ya ɗaga, idan ta zame ta haura kunnuwa to ta yi yawa, a ruwa za ta suɓuce. Idan guzuri bai kai Kwatano ba, Yamai ta wadatar, domin a watannin Disamba da Janairu ne kogin ke cika da ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini, kuma akwai masu jirgi da ke zagayawa da baƙi a cikin birnin.

Game da awaki, dukiyar mace tata ce a shari'a, kuma a ƙasar Tasawa da Mayahi akuya ita ce ajiyar da mace ke komawa gare ta ranar ciwo ko ranar da hatsi ya yanke, don haka bai dace a taɓa su saboda yawon shaƙatawa ba, balle a watan da rumbuna suka yi ƙasa. Jinkirin watanni huɗu zai ba maigidan damar tara guzurin daga albashinsa, zai kuma kawar da hujjar mahaifiyarsa, wadda ba ta faɗi komai ba face abin da duk manomi ya sani game da gonar da aka bari a lokacin maimai. Ya kamata baiwar Allah ta zaunar da maigidanta cikin ladabi ta fara da gode masa, ta gabatar masa da Ganvié da Grand-Popo a matsayin tafiyar da take so, shi kuma ya je da kansa ya nemi albarkar mahaifiyarsa a kan sabon lokacin. Amma shiga kwale-kwalen masunci a buɗaɗɗiyar teku cikin Agusta, filin nan yana roƙon ma'auratan da su janye shi gaba ɗaya.