Baƙon Yini Ɗaya a Birnin Kano

Mai karatu, a ce wani sha'ani ya kai ka Kano, ka gama shi da wuri, saura yini ɗaya ka koma gida. Ƙaƙa za ka yi da yinin nan? Kano babban birni ne. In ka fita ba tambaya, sai rana ta faɗi kana ta yawo cikin lunguna, guzurinka ya ƙare a kuɗin mota, ba ka ga kome ba. Ka koma gida a ce ka ba da labari, ka rasa ta cewa. Shi ya sa Hausawa su ke cewa matambayi ba ya ɓata.

To, wa za ka tambaya? Fara da mai masaukinka, gama haƙƙinka yana wuyansa. Bayansa sai dattijon unguwa, wanda aka haifa cikin birni. Amma ka yi hankali da wanda ya tare ka a tasha yana rawar jiki, wai zai kai ka ko'ina. Sau da yawa aljihunka ya ke kallo.

In za ka yi tambaya, yi sallama tukuna, ku gaisa. Sa'an nan ka ce, "Baba, ni baƙo ne, gobe da asuba zan tafi. Me ya kamata in gani yau?" Ka nemi sanin abu 3: hanya, da lokacin da ya fi kyau, da abin da a ke biya. Kafin ka hau a-daidaita-sahu ku yi ciniki, don kada ku yi rigima wurin sauka.

Ɗan gari zai ce ma ka ka fara da Dutsen Dala da sassafe, tun rana ba ta yi zafi ba. A gindinsa mutanen farko su ka zauna, zamanin Barbushe. In ka hau bisansa, sai ka hangi birni ta kowace fuska, har da Goron Dutse.

Da hantsi ka gangara Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa. Shi kuwa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Hanyoyinta matsattsu ne, baƙo ya kan ruɗe. Tambayi inda dukawa su ke, ka ga aikin fata. Kada ka biya kuɗin da aka fara faɗa ma ka, yi tayi.

Bayan azahar ka tafi Gidan Makama, kusa da gidan Sarki. Nan a ke ajiye kayan tarihin Kano domin jama'a su gani. Daga nan ka ƙarasa marinar Ƙofar Mata, inda a ke rina tufafi da baba cikin rijiyoyi. In kana so ka ɗauki hotonsu, nemi izini.

In ranar ta kama Jumma'a, ka tambaya musamman, gama hanyoyin Babban Masallaci su kan cika tun kafin salla. Kada kuma ka kutsa kai gidan kowa sai an yi ma ka iso.

Wurare 4 ke nan, sun isa yini. Wanda ya ce sai ya ga goma, ba zai ga ko ɗaya da kyau ba. In ka komo masauki, je ka yi wa dattijon nan godiya, ko da ƙwaryar goro babu, ɗaya ma ta isa. Ran da baƙo ya sauka garinku kuwa, kai ma ka nuna ma sa hanya.

Tambayoyi

1. Su wa ya kamata baƙo ya tambaya?
2. Wane sarki ya kafa Kasuwar Kurmi?
3. In baƙo ya zo garinku yini ɗaya, ina da ina za ka kai shi? Rubuta su.