Darasi: Yadda Ake Raba Gudun Intanet Ba Tare Da Wani Ya Danne Wani Ba

Ka taɓa buɗe wa abokanka hotspot a jami'ar Aliero, mutum ɗaya ya hau sauke fim, saura ko saƙon WhatsApp ya ƙi tafiya? Matsalar nan ta girmi wayar Android. Tun shekarun 1990 injiniyoyi ke maganinta a fasahar Firem Rile, wadda bankuna da kamfanoni suka riƙa haɗa rassansu da ita.

Mu ƙaddara wani banki a Birnin Kebbi yana da layi ɗaya mai gudun kilobit 512 a sakan, ga rassa uku: Jega, Aliero da Maiyama. Layin ɗaya ne, amma a cikinsa an yanka wa kowane reshe hanyarsa, mai lambar da ake kira DLCI. Ga yadda rabon yake:

1. Kason da aka lamunce, wato CIR. Jega mai yawan hada-hada a ba ta 256, Aliero 128, Maiyama 128. Komai cunkoso, wannan haƙƙinsu ne.

2. Awon lokaci. Na'urar Cisco takan raba sakan gida takwas, kowanne milisakan 125. Ke nan Aliero za ta samu bit 16,000 a kowane zagaye.

3. Rara. In layi ba kowa, ana iya barin reshe ya haura kasonsa, amma rarar takan ɗauki tambarin DE. Da cunkoso ya zo, ita ake fara zubarwa.

4. Jira. Abin da ya wuce awo ba a jefar da shi nan take, sai a tsayar da shi zuwa zagaye na gaba. Idan alamar BECN ta iso, wato gaba ta cushe, na'ura ta rage gudu.

Ba don wannan tsari ba, da Jega ta taso da manyan fayiloli sai ciniki ya tsaya cak a Maiyama.

Yau MPLS da ire-irenta sun maye gurbin Firem Rile, amma dabarar tana nan. Shiga saitin hotspot ɗinka ka ƙayyade yawan masu hawa. In rawuta gare ka, nemi sashen QoS ka yanka wa kowa kasonsa tun rigima ba ta tashi ba.